Back to the Future na uku: tambayoyin da masoya fim ɗin suka fi yi da amsoshinsu

Duk inda masoya Back to the Future suka haɗu babu mai musu a kan na ɗaya, kowa ya yarda shi ne gaba. Rigimar tana tashi ne idan aka zo kan na biyu da na uku, musamman na ukun nan da aka kwashe mu aka kai mu 1885 zamanin kaboyi da dawakai da ƙura. Ga tambayoyin da aka fi maimaitawa, da abin da kowane ɓangare yake cewa, da nawa ra'ayin inda ya kama. Wanda bai kalla ba ya sani zan tona labarin har ƙarshe, kar a zo daga baya ana cewa na ɓata wa mutum kallo.

Wai me ma ya kai su 1885 tun farko?

A ƙarshen na biyu Doc Brown yana cikin DeLorean, motar nan tasa mai tsallaka zamani, a sama sai tsawa ta faɗo mata, mota ta ɓace da shi, abokinsa Marty McFly yana tsaye a titi a 1955 ruwa na dukansa sai ga wani ma'aikacin Western Union ya kawo masa wasiƙa wadda aka ajiye a ofishinsu shekara 70 ana jiran wannan daren. A ciki Doc yake gaya masa yana nan lafiya a 1885, ya zama maƙeri, ya ɓoye motar a wani tsohon ramin haƙar ma'adinai, ya je ya tono ta shi da Doc na 1955 su gyara ya koma gida 1985, kuma ya ja masa kunne kar ya kuskura ya biyo shi. To da sun tono motar sai suka ci karo da kabari a gefen ramin, sunan Doc ne a jiki, an rubuta ya mutu 7 ga Satumba 1885, wato kwana shida kacal bayan ya rubuta wasiƙar, Buford Tannen ne ya harbe shi ta baya a kan dala 80. Shi ke nan Marty ya karya umarni ya tafi 2 ga Satumba don ya ceto shi.

Dala 80 ɗin ma abin dariya ce. Doc ya sa wa dokin Buford takalmi, takalmin ya fita doki ya kayar da shi, kwalbar giyarsa ta fashe, shi kuma don haushi ya harbe dokin, sai ya zo yana neman a biya shi 75 na doki da 5 na giya, alhali ko kuɗin aikin bai biya Doc ba.

Dole sai na kalli na ɗaya da na biyu kafin shi?

Dole ne malam. Na biyu da na uku tare aka ɗauke su a jere, na biyu ya fito Nuwamba 1989, na uku ya fito 25 ga Mayu 1990, wata shida ne tsakani, kuma na ukun yana farawa ne daidai inda na biyu ya tsaya. Rabin barkwancin ciki ma maimaici ne na abin da ka gani a baya, idan ba ka san na baya ba za ka ga mutane suna dariya kai kana zaune.

Me ya sa wasu suke cewa shi ne mafi rauni a cikin ukun?

Masu wannan ra'ayin suna da yawa kuma ba wai ba su da hujja ba. Abu na farko suna cewa sun zo kallon fim ɗin tsallaka zamani ne sai aka ba su fim ɗin kaboyi, mota ta lalace tun a mintunan farko ta zauna a ƙasa har kusan ƙarshe, babu tashi babu komawa baya babu haɗuwa da kanka, bayan na biyu ya saba musu da 2015 da motoci masu tashi da takalmi mai ɗaure kansa da 1985 ɗin nan ta bala'i inda Biff Tannen, mugun na ɗaya da na biyu, ya mallaki gari. Daga can a dawo da kai kan doki, wasu gani suke an ja birki da ƙarfi.

Abu na biyu maimaici. Marty ya suma ya farka a ɗaki mai duhu yana zaton mamarsa ce, karo na uku ke nan. Ya shiga wurin shan abu a tsakiyar gari ɗan gidan Tannen ya shigo ya tare shi, karo na uku. An bi shi da gudu a dandalin gari, karo na uku. Tannen ya ƙare cikin kashin dabbobi, kullum haka. Doc ya haɗa ɗan ƙaramin samfuri yana ba da haƙuri wai bai samu ya yi shi daidai awo ba. Masu suka suna cewa wannan ba dabara ba ce, ƙarewar basira ce.

Na uku kuma soyayya, amma wannan za mu zo kanta.

To masu cewa ya fi na biyu fa, me suka gani?

Nan nake ni kam. Na biyu yana da wayo amma ba shi da natsuwa, ana ta gudu ana zana layi a allo ana yi maka bayanin yadda zamani ya rabu biyu, kafin ka gama fahimtar wannan an jefa ka wani, kuma a ƙarshe bai ƙare ba sai aka nuna tallar na uku aka ce a dawo, wanda ya ba mutane da yawa haushi a lokacin. Shi kuwa na uku ya koma tsarin na ɗaya: wuri ɗaya, matsala ɗaya, lokaci na ƙurewa. Mota ba mai, ranar Litinin za a kashe mutum, yaya za a yi. Ko yaro zai riƙe wannan.

Sannan abin da masu sukar suke mantawa shi ne wannan fim ɗin ba na Marty ba ne, na Doc ne. A na ɗaya da na biyu Doc mai bayani ne kawai, ya zaro ido ya yi ihu ya faɗi lissafi, ba ka san me yake so a rayuwarsa ba. A na uku ne aka juya abin, Doc ne ya rasa hankalinsa a kan mace mai suna Clara yana cewa zai zauna, Marty yaro ɗan shekara 17 shi ne yake tuna masa dokokin da shi da kansa ya kafa. Christopher Lloyd da ya fito a Doc ya samu filin yin wasa na gaske a nan, ka duba daren da ya je yi wa Clara sallama ya gaya mata gaskiya ta zabga masa mari, ya tafi mashaya ya kwana riƙe da kofi ɗaya bai sha ba yana ba tsofaffi labarin gaba suna masa dariya. Babu fitowa irin wannan a na biyu gaba ɗaya. Maimaicin da ake kuka da shi kuwa da gangan ne, ana nuna maka garin Hill Valley bai canza hali ba tun kakanni, ko da yake na yarda na farkawa daga suma ɗin ya isa haka.

Clara ba ita ta ɓata fim ɗin ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi raba kan mutane. Waɗanda suka kalla suna yara yawanci za su ce maka duk inda Clara ta fito gajiya suke yi, suna jira a koma kan bindiga da jirgi. Da yawansu kuma da suka girma suka sake kallo sai ra'ayi ya canza. Mary Steenburgen ce ta fito a matsayin, kuma ba baƙuwa ba ce a irin wannan labarin don a 1979 ta taɓa yin wani fim inda ta faɗa soyayya da mutumin da ya tsallako daga wani zamani, har ma ita da Lloyd sun taɓa haɗuwa a wani fim ɗin kaboyi a 1978.

Abin da za a iya kama su da shi shi ne sauri, haɗuwa ɗaya kallo ɗaya shi ke nan an mutu a kan juna, duk abin cikin kwanaki kaɗan. Amma ba a yi ta sakarya ba. Malamar makaranta ce mai madubin hangen taurari, ta karanta Jules Verne kamar yadda Doc ya karanta, kuma da Doc ya ce mata daga gaba ya zo ba ta tsaya tana kuka ba, ta ɗauka ya raina mata hankali ne ya ɗauko labarin littafin da ya san tana so don ya rabu da ita, wanda duk mai hankali haka zai ɗauka. Da ta gano gaskiya kuma ita ta tsayar da jirgin da take ciki ta sauka ta hau doki ta bi su. Cire ta daga fim ɗin ka gani, Doc ba shi da dalilin yin jinkiri, kuma fitowar jirgi ta ƙarshe ta zama lissafi zalla babu abin da zai sa gabanka ya faɗi.

Maganar fetur: me ya hana su ɗebo na motar da ke cikin rami?

Yauwa, ga tambayar da masoya suka shekara talatin da wani abu suna yi. A lokacin da Marty ya iso 1885 motoci biyu ne a garin, wadda ya zo da ita da tiyon mai ya yage fetur ya tsiyaye, da wadda Doc ya riga ya ɓoye a rami tana jiran 1955. To me ya hana su je su buɗe ramin su zuƙo mai?

Amsar da aka fi bayarwa kashi biyu ce. Ɗaya, duk wanda zai ajiye mota shekara 70 zai tsiyaye mai da duk wani ruwa da ke cikinta, kuma Doc ya kai wata takwas a 1885 kafin Marty ya zo tunda 1 ga Janairu ya sauka, ko ya tsiyaye ya ajiye mai yiwuwa ya riga ya ƙarar da shi a ƙere-ƙerensa. Biyu, wadda ke ramin ita ce dai wadda Marty zai tono ya zo da ita, idan ka taɓa ta ka lalata wani abu to Marty ba zai zo ba, idan bai zo ba wa ya taɓa ta. Mutumin da ya shafe fim biyu yana gargaɗi a kan irin wannan ba zai je ya fasa ramin ba. Ni wannan amsar ta gamsar da ni, sai dai da sun sa layi ɗaya a bakin Doc ya faɗi haka da an huta.

Tambayar da ta fi wuyar karewa ita ce wannan: mutumin da ya haɗa injin ƙanƙara da tururi a shagon ƙira ya kasa samo fetur? A 1885 ana tace ɗanyen mai a Amurka, tun 1859 aka haƙa rijiyar Drake a Pennsylvania, a California ɗin ma akwai rijiyoyi tun shekarun 1870, kananzir ake nema don fitila, fetur kuwa ragowa ne da ba a damu da shi ba. A shekarar ce ma Karl Benz yake haɗa motarsa a Jamus. Wato abin yana nan a duniya. Masu kare fim ɗin suna cewa matsalar lokaci ce, kwana biyar gare su, ƙauye ne, kuma man wancan zamanin ba lallai injin 1981 ya karɓe shi ba. Sannan kar a manta sun gwada zuba giya mai ƙarfi a tanki ta fasa musu wani sashe na injin da Doc ya ce gyaransa sai wata guda, to daga nan ko an kawo fetur ɗin ma an makara.

Masu tambayar ina Mr. Fusion, na'urar nan ta bayan motar mai mayar da shara makamashi, ai an amsa a ciki, shi wutar na'urar tsallaka zamani kawai yake bayarwa, injin mota fetur yake sha.

Kwazazzabon nan da jirgi ya faɗa ciki a ƙarshe, sunaye nawa ya yi?

Uku. Asalinsa Shonash. A tarihin da Marty ya taso ya sani sunansa Clayton, saboda wata malama da ta faɗa ciki shekara ɗari da suka wuce, wato Clara ke nan, dawakan keken da ta hau suka firgita suka yi ciki da ita. Da Doc ya cece ta sai ya zama babu dalilin sa masa sunanta. A ƙarshe da jirgi ya faɗa ciki mutanen gari suka ɗauka baƙon nan Clint Eastwood, wato sunan da Marty ya ara, ya mutu a ciki, shi ya sa da Marty ya fito a 1985 allon gefen layin dogo yake cewa Eastwood. Da yawa ba sa lura sai a kallo na biyu.

Akwai mai tambaya to idan ta mutu a kwazazzabo yaya sunanta ya fito a dutsen kabarin Doc. A zagayen da Doc yake shi kaɗai babu Marty, ya je tashar jirgi ya ɗauko ta kamar yadda ya yi wa magajin gari alkawari, don haka ba ta hau keken ba. Da Marty ya zo ya nuna masa hoton kabari sai ya ƙi zuwa tashar don ya guje mata, ƙin zuwan ne ya mayar da ita kan hanyar kwazazzabo, ya kuma haɗa su ta wata hanyar.

Da gaske jirgin ƙasa na wancan lokacin zai iya gudun mil 88?

Mil 88 a awa, gudun da DeLorean take buƙata kafin ta tsallaka zamani, kusan kilomita 142 ke nan. Dabarar dai turin mota ce irin wadda ake yi wa motar da ta ƙi tashi da safe, sai dai nan kan jirgi ne mai turin. A cikin fim ɗin ma direban jirgin ya ce shi bai taɓa kaiwa kusa da haka ba, sai an samu layi miƙaƙƙe, an cire taragai, an ƙona wuta fiye da ƙima, shi ya sa Doc ya haɗa gumagumai uku kore da rawaya da ja, kowanne ya kama sai gudu ya ƙaru tukunyar jirgi tana neman fashewa. Jiragen tururi sun wuce wannan gudun daga baya, Mallard na Ingila ya yi mil 126 a 1938, amma wannan an ƙera shi ne don gudu. Irin na ƙauyen California a 1885 kam sai dai a fim. Kan jirgin da aka yi aikin da shi ma Sierra lamba 3 ne, wanda aka ƙera a 1891, wato ya zo duniya bayan shekarar labarin, masu son jirage ba sa barin wannan ta wuce. Wanda ya faɗa kwazazzabo kuma ƙaramin samfuri ne ba na gasken ba.

Duk da haka ko masu sukar fim ɗin suna sallamawa a nan, mintunan jirgin nan suna cikin mafi kyawun abin da aka yi a duka ukun, babu aikin kwamfuta irin na yanzu, mutane ne a jikin ƙarfe yana tafiya, ga kiɗan Alan Silvestri yana ɗaga maka hankali.

Me ya haɗa Clint Eastwood da wannan fim?

Bai fito ba, sunansa kawai Marty ya ara da aka tambaye shi, kuma an nemi izininsa ya yarda. Dabarar da Marty ya yi ta sa murfin murhu na ƙarfe a ƙirji a ƙarƙashin mayafi Buford ya harba bai shiga ba, daga A Fistful of Dollars na 1964 aka ɗauko, kuma an shuka ta tun a na biyu inda Biff yake kwance a ruwan wanka yana kallon wannan fitowar a talabijin Marty ya shigo ya kashe. Iyayenmu da suka ci zamanin finafinan kaboyi a silima za su gane wannan tun kafin a harba. Tsofaffi ukun nan na mashaya ma, Pat Buttram da Harry Carey Jr. da Dub Taylor, tsofaffin 'yan wasan kaboyi ne na gaske aka ɗauko don girmamawa. Masu kiɗan bikin gari masu dogon gemu kuma ZZ Top ne.

Me ya sa Maggie take kama da mamar Marty alhali dangin babansa ce?

Seamus da Maggie McFly kakannin kakanni ne ta wajen uba, to Seamus ya yi kama da Marty ba matsala tunda Michael J. Fox ne ya yi duka biyun, amma Maggie ta fito da fuskar Lorraine wadda 'yar gidan Baines ce, babu jini tsakaninsu. Amsar gaskiya ita ce ana son Lea Thompson da ta fito a Lorraine ta samu abin yi a fim ɗin kuma ana son a maimaita fitowar farkawa. Amsar da marubutan suka bayar cikin raha ita ce mazan gidan McFly irin fuskar da suke so ke nan tun kaka da kakanni. Wanda ya ga dama ya karɓa.

Wannan halin na Marty na ƙin a ce masa matsoraci, daga ina ya fito?

Nan masu suka sun yi gaskiya. A na ɗaya babu shi sam, a na biyu aka ƙirƙiro shi rana tsaka don a samu abin da Marty zai gyara a halinsa, kuma ana jin ɗinkin. Amma na uku ne ya biya bashin. Seamus ya ba shi labarin ɗan'uwansa Martin da shi ma ba a tsokanarsa ya ƙyale, har aka soke shi da wuƙa a wata mashaya a Virginia City. Hoton kabarin nan kuma sunan Doc ya goge amma ranar ba ta goge ba, ma'ana kabarin na nan mai shi ne ya canza. Da ya dawo 1985 wani ɗan tsokana mai suna Needles ya tsokane shi tseren mota a fitilar hanya sai ya yi kamar zai tafi ya ja da baya, ya ga Rolls-Royce ta fito daidai inda da zai kasance, haɗarin da ya karya masa hannu ya kashe masa kiɗa a rayuwar 2015 da muka gani. Abin da aka dasa da ƙarfi ne amma an cire shi da kyau.

Gaskiya ne Michael J. Fox ya kusa mutuwa a wurin ratayewa?

Gaskiya ne, shi da kansa ya ba da labarin a littafin tarihin rayuwarsa na 2002. A fitowar da Buford da yaransa suka rataye shi a gaban ginin kotu, yana sa hannu ne tsakanin igiya da wuya, a wani ɗauka hannun bai zauna daidai ba igiya ta shaƙe shi ya suma, aka ɗan ɗauki lokaci ana zaton wasa yake kafin darakta Robert Zemeckis ya gane. Cutar Parkinson kuma a 1991 aka tabbatar masa da ita, bai bayyana wa duniya ba sai 1998.

Haka yammacin Amurka yake a 1885 ko dai na fim ne?

Na fim ne, kuma su ma ba su ɓoye ba. Hill Valley a California take, amma inda Marty ya fara sauka Monument Valley ne a iyakar Arizona da Utah, ƙasar ƙabilar Navajo, an je can ne kawai don duwatsun nan su ne tambarin finafinan kaboyi tun zamanin John Ford. Garin kuma gina shi aka yi daga tushe a kusa da Sonora a California. An ɗan taɓa gaskiya nan da can, ruwan sha mai launin ƙasa, harsashi a cikin naman da aka kawo ci, kashin doki a titi, kayan kaboyi masu ado da Doc na 1955 ya sa wa Marty kowa yana masa dariya.

Inda ni nake da ƙorafi shi ne 'yan asalin ƙasar. Sun fito na 'yan daƙiƙu suna ihu a kan dawakai sojoji na bin su, an yi dariya an wuce, alhali a waɗannan shekarun ake ƙarasa ƙwace musu ƙasa ana tura su keɓaɓɓun wurare. 'Yan China da suka yi mafi yawan aikin layin dogon Central Pacific da aka haɗa a 1869, aka kuma yi dokar hana su shigowa a 1882, babu labarinsu duk da cewa layin dogo ne ƙashin bayan fim ɗin. Wani zai ce fim ɗin barkwanci ne ba darasin tarihi ba, haka ne, amma kar mutum ya kalla ya ce ya san zamanin.

Tsakanin Biff da Buford wane bos ne ya fi?

Thomas F. Wilson ne duka, har da Griff na 2015. Masoya da yawa suna ba Buford, saboda Biff ɗan iskan makaranta ne mai cin zali, shi kuwa wannan kisa yake yi da gaske kuma ga wauta, ƙirge ma sai yaransa sun taya shi. Akwai fitowar da aka yanke inda ya harbe Marshal Strickland a gaban ɗansa, an cire don ta yi nauyi da yawa, shi ya sa a ƙarshe wani jami'in ne daban ya zo kama shi.

Jirgi mai tashi na ƙarshe fa, bai rushe duk abin da aka gina ba?

Nan ne ni da fim ɗin muka ɗan saɓa. Tun na biyu Doc yake cewa wannan na'urar masifa ce a lalata ta, jirgin kaya ya zo ya niƙe DeLorean a 1985, Marty yana tsaye cikin tarkace ya rabu da abokinsa har abada, zuciya ta karye yadda ya kamata. Minti kaɗan sai ga Doc ya dawo da jirgin tururi mai tsallaka zamani, da Clara da 'ya'ya biyu Jules da Verne, har jirgin ya naɗe ƙafafu ya tashi sama. Mutumin da ya kasa samo fetur ya ƙera wannan da kayan ƙarni na 19? Masu karewa suna cewa ai allon nan mai shawagi na 2015 ya rage a hannunsa, daga shi ya ciro fasahar, kuma yaran sun girma wato ya ɗauki shekaru yana yi, tashi sama kuma sai da ya je gaba aka ƙara masa. To na ji, amma batun ba na iyawa ba ne, na hali ne, ya karya maganarsa ba tare da ko bayani ba. Wasu kuma suna cewa bayan fim uku mutane sun cancanci su fita silima suna murmushi, kuma yara kam wannan jirgin suka fi tunawa.

Maganar da Doc ya yi wa Marty da budurwarsa Jennifer a wurin, da takardar kora daga aiki ta goge, cewa gabansu ba a rubuce yake ba, idan ana kallo a gidajenmu sai ka ji wani ya yi gyaran murya. Mu dai mun san matsayin ƙaddara a wurinmu. Abin lura kawai shi ne fim ɗin da kansa bai gama yarda da maganar Doc ba, tunda duk gudun da ya yi wa Clara sai da suka haɗu, kuma a kowane fim sai wani ɗan gidan Tannen ya ƙare a kashi.

Ya yi kasuwa?

Ya yi amma shi ne na ƙasa a cikin ukun. Na ɗaya ya haura dala miliyan 380 a duniya, na biyu ya haura miliyan 330, na uku wajen miliyan 245, a kan kusan miliyan 40 da aka kashe masa. Riba ce mai kyau, sai dai ana ganin haushin yadda na biyu ya ƙare da kuma sanyin kasuwar finafinan kaboyi a lokacin sun rage masa jama'a.

Za a iya kallo da yara?

Shi ne ma mafi sauƙi a cikin ukun ta wannan fannin, babu irin abubuwan na biyu na gidan cacar Biff, babu kuma rikicin na ɗaya na uwa da ɗa. Akwai mashaya da giya, akwai 'yan zage-zage, da sumba tsakanin Doc da Clara, da ratayewar nan da za ta iya tsorata ƙaramin yaro. Kusan awa biyu ne.

Za a yi na huɗu?

Zemeckis da abokin rubutunsa Bob Gale sun sha faɗa cewa ba za a yi ba, kuma ba za a sake shi da sababbin 'yan wasa ba muddin suna da ta cewa, Gale yakan ce babu mai son ganin fim ɗin ba Michael J. Fox. Duk tirelar da kuka gani a YouTube ko TikTok wai na huɗu ya kusa fitowa haɗi ne. Wanda yake son ƙari akwai katun da aka yi a 1991 zuwa 1992 inda Doc da Clara da yaran suke zaune a Hill Valley, akwai gem na Telltale da ya fara fita a 2010 wanda Lloyd ya yi muryar Doc a ciki, akwai kuma wasan dandamali na waƙa da aka fara a Manchester a 2020 ya je Landan a 2021 da Broadway a 2023, sai dai shi labarin na ɗaya ne kawai, babu doki babu jirgi.